Sadakar Tururuwa

Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani tururuwa ba, kuma ba da wasa nake faɗa ba. Sauron Aboabo, unguwarmu a Kumasi, ya sha jinina tun ina goye, kyankyaso ya hayayyafa a cikin akwatina, ɓera ya taɓa cinye mini gefen leshin wata amarya ana dab da biki, duk na yafe musu. Su yunwa ce ke kawo su, in sun ƙoshi sai su kama gabansu. Tururuwa kuwa da shirin zama take zuwa, da danginta da dabbobinta, kuma a gidanmu har mai ɗaure mata gindi ta samu.

Gidan da nake haya irin gidajen zango ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, idanu kuwa ba iyaka. Ni tela ce, kekena na bakin ƙofata. Mijina direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida, saboda haka duk faɗan da ya taso ni kaɗai nake yin abina. An shafe tsakar gidan da siminti tun kafin in zo, in ban da wani ɗan zirin ƙasa a gindin bangon baya, tsakanin tagata da ɗakin wata tsohuwa. Nan kaɗai rana take sauka ta daɗe. Sauran gidan inuwar benen maƙwabta da igiyoyin shanya sun cinye shi.

Tsohuwar ta fi kowa daɗewa a gidan, kowa Mma yake ce mata. Daga arewacin ƙasar nan ta zo tun da ƙuruciyarta, ta yi sana'ar ƙuliƙuli har ƙarfinta ya ƙare. Ɗa ɗaya gare ta a duniya, shi kuma ya bi samarin unguwa ya shiga hamada zai tafi Libiya, daga nan shiru, ba waya ba saƙo. Kafin wannan rigima babu komai tsakanina da ita sai alheri, ni nake yi mata facin zani in ya yage.

Tumatirin da na shuka a gindin bangon ba irin na kasuwa ba ne. Na Innata ne, da shi ta zo daga ƙauyensu na Nijar lokacin da ta biyo babana Kumasi. Ɗan ƙarami ne mai gaɓa-gaɓa kamar gauta, fatarsa siririya, ga tsami mai daɗi, ganyensa kuma faffaɗa, ko daga nesa ba ya ɓuya. Da shi aka yi duk miyar da na sha har na girma. Kowace shekara Inna takan bar mafi kyau ya nuna a jikin uwarsa har ya kusa faɗuwa, sannan ta matse shi a kan farin tsumma, ta shanya a inuwa, ta soke a rufin ɗaki. Takan ce ba a ɗaukar iri daga ɗanye, ba a kuma ɗauka daga wanda ya ƙarasa nuna a kwano.

Da ta rasu, yayyena suka raba zannuwa da tukwane, ni na miƙa hannu rufin ɗaki na zare tsumman. Ya tsufa, don ta yi doguwar jinya ba ta shuka ba. Na buga waya ƙauyen ko akwai mai sauran irin, aka ce mini yanzu kowa na cikin leda yake shukawa. Sai na yanka jarkokin mai, na cika su da ƙasa da kashin awaki, na shuka duk abin da ke jikin tsumman, tun da in ya ƙara shekara ba abin da zai fito. Abin da ya tsiro bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Buƙatata ba ta da yawa, guda ɗaya tak ya nuna a jikin uwarsa in matse. In ban samu ba, irin Inna ya ƙare a hannuna.

Da farko sun yi kyau har mutanen gida suna tsayawa kallo. Suna fara fure sai na ga wani layi baƙi siriri ya taso daga gindin bango, ya hau jarka, ya bi kara. Ban damu ba, tururuwa ai ba ta cin ganye. Bayan 'yan kwanaki sababbin ganyen suka fara nannaɗewa kamar wuta ta lashe su. Na juya guda, sai na ga bayansa cike da wasu ƙananan ƙwari masu laushi, kore-kore, sun lafe a kan juna, ganyen yana danƙo. Inna darɓa take ce musu. Na ajiye ɗinki na tsuguna ina kallo, nan na ga abin da ya sa na daina ɗaukar tururuwa a matsayin baiwar Allah mai neman abinci. Kiwo take yi. Za ta zo ta shafa bayan ƙwaron da 'yan ƙahonninta, ya fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi, ta shanye, ta wuce na gaba, tamkar mai tatsar shanu. In wuri ya cika, sai ta ɗauki ɗaya a baki ta kai shi sabon toho ta ajiye. Akwai wani ɗan jan ƙwaro mai ɗigon baƙi da ke zuwa yana cinye darɓar, shi kaɗai ne masoyina a wannan yaƙi. Da ya sauka sai su yi masa taron dangi, su cije masa ƙafafu har ya faɗo. Bayan su kuma ga wasu fararen ƙudaje ƙanana da suka tare a ƙarƙashin ganye, in an girgiza reshe su tashi fari fat su sake komawa.

Babu abin da ban yi ba. Na barbaɗa toka. Na jiƙa ganyen dalbejiya har ruwan ya yi wari na yayyafa. Na dama baƙin sabulun nan na alata da barkono na wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da tsohon burushin haƙori, idona na hawaye. In na wanke da safe, kafin la'asar sun dawo da sabon garke, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin ya ɗaure mini kai, don gidan siminti ne, ba rumbu ba hatsi, me tururuwa take ci har ta yi yawa haka?

Na sami amsar wata safiya da na fito bayan sallar asuba don in ƙarasa rigar wata mata. Mma na durƙushe a gindin bango, dab da jarkokina, da 'yar ƙwarya a hannu. Gero ne da sukari take barbaɗawa a bakin wani rami, bakinta na motsi. Ƙasar wurin ta yi baƙi da su.

"Mma, ina kwana. Me kike yi haka?"

Sai da ta gama addu'arta ta shafa sannan ta ɗago. "Lafiya lau, Tela. Sadaka ne. Malam ya ce in ba tururuwa gero da sikiri kullum da safe, kar in fasa ko rana ɗaya, sai yaro na ya yi magana."

"To ai ga mabuƙata nan cike da ƙofar masallaci."

"Malam bai ce mutum ba. Tururuwa ya ce."

"Mma, su ne suke kashe mini tumatir. Irin Innata ne, babu sauransa ko'ina. Ki duba bayan gida wajen kwata, ramuka ne birjik, ki zuba musu a can."

"Wanga rami na fara da shi, ba a canja rami." Ta karkaɗe ƙwaryar ta miƙe da ƙyar. "Kamantosi ya cika kasuwan Asawase paa. Yaro na fa, wane kasuwa zan je in same shi?"

Kamantosi shi ne tumatir a bakinta, maganar kuwa ta fi komai ƙona mini rai. Na tausaya mata, Allah ya sani. Amma ban ga dalilin da zai sa a nemi ɗanta da abin da uwata ta bar mini ba, alhali ramin tururuwa bai ƙare a Aboabo ba.

Ranar na je kanti na sayo allin nan da ake zana wa kyankyaso. Ban taɓa raminta ba, jarkokina kawai na zagaye da shi. Da hantsi gawarwaki suka jeru a kan layin, ni kuwa na ji wani sanyi a zuciyata. Mma ta fito ta gani, ta ɗora hannu a ka, ta fasa kuka kamar an aiko mata da mutuwa. Wai baƙinta na kashe, wai waɗanda suka ci sadakarta ba su kai ga isar da ita ba, in wani abu ya sami ɗanta a hamada alhakinsa na wuyana. Kafin azahar magana ta kai gaban mai gida.

Mai gidan namu Alhaji ne, tsohon dillalin shanu, mutumin da ba ya son a tashe shi daga kujerarsa ta ƙofar gida. Ya saurari kowa yana jan carbi, sannan ya juyo kaina.

"Ɗiyata, halittar da ta yi magana annabi ya ji ya yi murmushi, ita kike sa wa guba a gidana?"

"Baba Alhaji, wadda ta yi maganar ba kiwon darɓa take yi a tumatirin mutane ba."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. "Bakinki ya fi almakashinki kaifi. Ni ba na hana sadaka, ba da ni za a yi wannan ba. Alli kuma kar in sake ganin shi. In wurin bai yi miki ba, ɗauke galan-galan ɗinki ki kai wani gefe."

"Nan kaɗai rana take, Baba."

"To ki yi haƙuri, ta riga ki zuwa gidan ga, ta haife ki ma."

Na kwashe jarkokin na kai bakin ƙofata, cikin inuwa. Tururuwa ba ta biyo ba, amma tsiron ya yi tsawo ya rame ya ɗashe, fure na zubewa, ga hayaƙin murhun maƙwabciya, ga ruwan wanki da ake watsawa ba a duba ba. Ɗaya ya mutu a nan. Na mayar da sauran gindin bango, gara abokin gaban da nake gani da idona.

Sai na yi dabara. Na ɗora su a kan wani tsohon benci, na sa kowace ƙafar bencin cikin gwangwanin madara cike da ruwa. Tururuwa ta zo ta yi ta zagaye ta rasa mashiga, ni kuwa ina kan kekena ina kallonta ina ɗinki da nishaɗi. Jan ƙwaron nan ya dawo ya yi watanda da darɓar, sabon ganye ya fito a miƙe. Ana haka sai ga tankas, ma'aikatan duba tsafta da ke shiga gida-gida, suka leƙa gwangwanayen suka ga 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil. Gaskiyarsu ce, ban musa ba. Suka ja wa mai gida kunne suka tafi, shi kuma ya taso daga kujerar da ba ya tashi, ya sa sanda ya kifar da su. Na maye gurbin ruwan da baƙin man motar mijina, wanda sauro ba ya haihuwa a ciki. Aka kwana biyu lafiya. Sannan wata rana na dawo daga kai ɗinki na tarar da zanin Mma a shanye, gefe ɗaya a jikin bango, gefe ɗaya ya kwanta a kan ganyen tumatirina, su kuma sun bi ta kansa sun haye. Igiyar shanya ta cika gidan, ba ta taɓa shanya a nan ba. Ta ce iska ce. Ni dai ban taɓa ganin iskar da ke ƙulla bakin zani a jikin ƙusa ba.

Daga ranar na daina gaishe ta. Wanda bai zauna a zango ba ba zai san girman wannan ba. Mu nan ana iya zagin juna da hantsi a ci tuwo kwano ɗaya da magariba, amma na baya ya wuce babba da safe bai rusuna ba, wannan labari ne da ke kaiwa har Moshi Zango. Mata suka fara tare ni a bakin famfo.

"Tela, zo mu zauna zo mu saɓa ne, ki je ki gaida Mma mana. Ganye ne fa kawai."

"In ganye ne kawai, ramin ma rami ne kawai. Ku je ku gaya mata ta canja."

Babu wadda ta je. Wata ma ta zo ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba, wai ta fasa, na ce ta gaida gida. Mijina ya dawo daga hanya ya ji labari, da zai sake dawowa sai ga shi da kwandon tumatir manya-manya jajaye, wai in huce. Ya yi tsammanin ya yi abin kirki. Na raba wa maƙwabta, ko ɗaya bai shiga tukunyata ba.

Kullum da asuba ina jin ƙarar ƙofar Mma, ina jin saukar geron a ƙasa ta tagata, sai zuciyata ta yi ta tafasa har in kasa lazimi. Tsiron suka yi ta bushewa ɗaya bayan ɗaya, ganye ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, har ya rage saura guda. Shi ma rabinsa ya tafi, amma ya daure ya riƙe ɗa ɗaya, kore, girman goro. Na ɗinka masa 'yar jaka da guntun gidan sauro na ɗaure.

Tumatirin na fara canja launi ɗan Mma ya bugo waya. Ya sha ɗauri a Libiya, ya tsallake teku, yana ƙasar Turawa da ransa. Guɗa ta tashi a gidan har masu wucewa suka shigo. Ni ma na yi hamdala daga kan kekena, da gaskiya na yi ta, don ba da ɗanta nake gaba ba. Na kuma ce a raina to an gama, yaro ya yi magana, ƙwarya za ta huta.

Ashe yanzu aka fara. Labari ya bazu cewa ramin gidanmu ba ya mayar da addu'a. Washegari wasu mata suka zo daga layin baya da ƙullin sukari. Kafin Juma'a sai daga Asawase, sai daga Moshi Zango, wasu a ƙafa wasu a kan babur. Kowacce da nata, mai ɗa a hanyar hamada, mai 'yar da ta tafi aikatau ƙasar Larabawa aka daina jin ta, mai miji a kwance. Suna kawo gero, garin rogo, dakakken biskit, har da mai kawo zuma a murfin kwalba. Mma ta fito da kujera 'yar tsugunno ta kafa a bakin ramin, ita ce mai nuna inda za a zuba da abin da za a faɗa. Ta ce ita ma ba za ta daina ba, yaro bai sami takardar zama ba tukuna. Tururuwa ta yi ƙiba har sheƙi take, ta buɗe sababbin ƙofofi, ta daina ma bin layi. Matan kuma in sun gaji da tsayuwa, da bencina suke jingina.

Tumatirin ya yi ja har wuya, ɗan kore kaɗan ya rage masa, ina ta ba kaina haƙuri kar in yi gaggawa. Wata safiya na fito na tarar reshen ya karye, ko wa ya jingina da shi oho, ya faɗo ƙasa da jakar da komai. Tsutsa ta riga ta huda shi ta gindi ban sani ba, faɗuwar ta ƙarasa fasa shi, su kuma sun sami ƙofa sun shiga. Abin da na gani shi ne layi daga ƙarƙashin benci zuwa rami, kowace tururuwa da ƙwayar iri a bakinta ta ɗaga sama. Na durƙusa ina ƙwatowa da yatsu, suna cizona, ina murje su, ban damu da masu kallo ba. Abin da na tsira da shi 'yan ƙwayoyi ne shafaffu marasa ciki, masu nauyin sun riga sun shige ƙasa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Inna, Mma na waje tana ce wa baƙinta su yi haƙuri da ni, haka nake da zuciya. Na shuka 'yan ƙwayoyin duk da haka, ko ɗaya bai fito ba. Na zubar da ƙasar, na ba masu tara roba jarkokin, na sa labule mai kauri a tagar da ke kallon bangon.

Watanni suka shuɗe ba na ko kallon gefen. Ruwan Kumasi ya dawo da ƙarfinsa. Wata rana na fita da gudu zan kwashe shanya, idona ya faɗa kan wani tsiro a bakin ramin, cikin tarin dusar da tururuwa ke fitarwa tana zubarwa. Ganyensa faffaɗa ne. Ban buƙaci in matsa kusa ba, na gane irin Inna ne, na tsaya ruwa na dukana. Sun ƙoshi da sukari har sun yar da abin da suka sace.

Kafin in gama tunanin yadda zan cire shi in dasa, Mma ta riga ni. Ta kifa masa tsohon kwando marar gindi, ta shaida wa kowa cewa Allah ya nuna mata alama, baƙinta sun rama mata alheri. Na aika mata ta bakin matar mai gida cewa irin uwata ne. Ta aiko da cewa ita ba ta ga sunan kowa a jikin ganye ba, abin da ya fito a ƙofar baƙinta nata ne. Mai gida ya ce shi ya gaji da shari'ar ganye.

Abin haushin, ya yi kyan da nawa ba su taɓa yi ba. Ƙasa ce ta gaske ba jarka ba, ta sha dusa ta sha ruwa. Ya wuce kwandon, ya kama bango, ya zuba 'ya'ya. Darɓa ta hau shi, amma ko a jikinsa. Ana cewa cinnaka ba ta san na gida ba, to waɗannan sun san nasu. Sai dai ba a barin 'ya'yan su nuna. Duk macen da ta zo zuba sadaka, Mma sai ta tsinko mata ɗaya, ɗanye shataf, wai ta kai gida ta sa a miya don albarka. Ina zaune a kan kekena ina jin tsinkewar kowanne a ƙirjina. Na yi tunanin sata, amma ɗanye ba shi da amfani a gare ni, ita kuma daga asuba zuwa magariba tana gindinsa, ga shi a gidan haya ko tari ka yi an ji. Ruwa ya fara ja da baya, ganyen ƙasa ya yi rawaya, fure ya tsaya. Ya rage guda ɗaya can sama da ya fara ja, shi ma don hannunta bai kai ba ne. Sai na ji tana gaya wa wata mata daga Asawase ta dawo ranar Juma'a, za ta sa a tsinko mata shi.

Washegari da safe na ɗaura zanin kirki, na sayi farin goro na ƙunsa a ganye, na tsallaka tsakar gidan. Masu wanke-wanke suka tsaya, mai hura gawayi ta bar fifita. Na durƙusa a gabanta har ƙasa.

"Mma, ina kwana."

Ta dube ni ta dubi goron, ba ta yi gaggawa ba. "Yoo. Ashe bakin ki ya warke, Tela. Lafiya lau."

"Alfarma na zo nema. Wancan na saman, a bar shi ya nuna sosai a ba ni. Iri kawai zan cire, sauran ki ba wadda kika yi wa alkawari."

"Ni ba ni da kamantosi koraa, ko ɗaya. Na masu gida ne." Ta nuna ramin da haɓa. "Su kika kashe ma yara, su za ki roƙa."

Ta miƙo mini ƙwaryar, da gero da sukari a ciki. "Kullum da safe, da hannun ki, har ya nuna. Rana ɗaya kika fasa, na ba mai Asawase."

Na dubi matan gidan ko akwai wadda za ta ce Mma ya isa haka. Kowacce ta sami abin kallo a cikin kwanonta. Na karɓa na danne zuciyata, don na san in na sake ta, a kan Mma ƙwaryar za ta fashe. Na barbaɗa. Suka fito da gudu, masu ƙiba, suka hau yatsun ƙafata.

"Ba a zubawa shiru," in ji Mma. "Ki yi bisimilla mu ji, ki roƙa ma yaro na takarda."

Na yi bisimilla da ƙarfi. Na roƙa wa ɗanta takarda, gidan ya ce amin.

Haka na yi ta yi kowace safiya, a durƙushe, ina ciyar da su, har tumatirin ya yi ja ya yi laushi. Ranar ta jira sai da mata suka taru sannan ta sa aka tsinko. Ba ta miƙo mini ba. Ta ajiye shi a ƙasa a bakin ramin, inda ake zuba wa sauran, ta ce kowa ya shaida, yau ma ta fitar da sadaka, ta ba marainiya. Mata suka yi ta sa mata albarka. Har yau ban yafe mata ba, kuma ba na jin zan yafe. Amma tururuwa ta riga ta fara hawansa, sai na sunkuya na ɗauka.